Bin sawun samfur a ɗakin gwajin tsoka: rajistar aiki daga Birnin Kebbi

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau muka fara bin sawun kowane samfur da ya shigo ɗakin gwajin tsoka, tun daga lokacin da likita ya ciro shi daga jikin mutum har ranar da takardar sakamako ta isa hannun mai ita. Ƙorafi ne ya kawo mu nan. Likitocin tiyata na cewa sakamako na daɗewa, 'yan uwan majiyyata na zuwa taga su koma hannu rabbana, mu kuma na ciki kowa da inda yake ɗora laifi: wannan ya ce injin ya tsufa, wancan ya ce aiki ya yi wa likitan da ke karanta silaid (gilashin da ake ɗora siririn yankan tsoka a kai) yawa, wani ya ce ai wuta ce. Kowace magana da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma da za ka tambaye mu kwana nawa samfur ke yi a kowane hannu, babu mai amsa. Babbar rajistarmu kwanan wata biyu kawai take ɗauka, ranar shigowa da ranar fita.

Ga wanda bai san aikin ba, tsakanin ranakun nan biyu tafiya ce mai nisa. Tsokar da aka ciro ana jiƙa ta a fomalin don kada ta ruɓe. In ta iso wurinmu a ba ta lamba, likita ya duba ta da ido, ya yanko wuraren da yake so, kaurin kowanne milimita 3 zuwa 4, a sa a kaset, wato ɗan akwatin roba mai huji-huji. Kaset ya kwana a inji: alkohol ya tsotse ruwan da ke cikin tsokar, daga mai kashi 70 har zuwa tsantsa, wani sinadari mai suna zailin ya kori alkohol, narkakken kakin farafin ya maye gurbin zailin. Da safe a ƙera bulo na kaki da tsokar a cikinsa, a ɗora shi a maikirotom, injin yanka mai reza, a fere shi maikiron 4, wato kashi 4 cikin 1000 na milimita, a shimfiɗa a ruwan ɗumi, a kwaso da gilashi, a rina da hematoksilin da iyosin, a rufe. Sannan ne ake kai wa likita ya duba a madubin ƙara girma ya rubuta abin da ya gani.

Kayan aikin namu ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsohuwar kwamfutar ofis, shafin Excel guda, da 'yar takardar rakiya da za ta riƙa bin kowane samfur, duk wanda ya karɓa ya rubuta rana da ƙarfe nawa. Da yamma a shigar a kwamfuta. Sunan majiyyaci ba zai shiga shafin ba sai lambar lab. Suna ya tsaya a rajistar da ke kabad mai makulli. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu, kuma ko ba doka, cutar mutum amana ce.

Laraba, 29 ga Janairu

Takardun rakiya na dawowa da giɓi. Ɗaya daga cikin matasanmu ya same ni bayan la'asar ya ce, "Oga, gaskiya yara na ganin takardar nan tarko ce, so ake a gano wa ke jan ƙafa." Na tara kowa muka yi magana a fili. Sa hannun ma'aikaci zai ci gaba da zama a rajista yadda aka saba, don in matsala ta taso a san inda za a koma, amma jadawalin da za mu riƙa liƙawa a bango kowace Juma'a matakai zai nuna, ba mutane ba. Duk ranar da mutum ya ji cewa lokacin da ya rubuta da shi za a yi masa bulala, ranar zai fara rubuta lokacin da zai fishe shi, lissafin kuma ya tashi daga aiki.

Giɓin da ya fi damuna ba daga ɗakinmu yake ba. Gurbin lokacin da aka ciro tsoka da na lokacin da ta shiga fomalin kusan kullum wayam suke. Na tambayi Baba masinja yadda yake ɗauko kaya daga tiyata. Ya ce, "Malam, ni abin da anka ba ni shi nika kawowa. In anka ce in bari su taru, sai in bari." Ashe samfur kan kwana a kan kanta, wani lokaci daga Juma'a har Litinin, kafin ya ga tagarmu, kuma tsohuwar rajista ba ta taɓa ƙirga wannan ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Jiya aka kawo mana nono da aka cire gaba ɗaya, daga wani asibiti a wajen gari, cikin bokitin roba irin na fenti. Fomalin bai kai rabinsa ba. Saman da ya fito waje ya bushe ya yi duhu. Da Dakta ya sa wuƙa, gefen ya yi tauri, launin toka, alamar ruwan ya kama shi. Da aka nutsa ciki misalin gaɓar yatsa sai launi ya sauya, tsakiyar ƙullutun ja-ja, luguf, tana narkewa a kan katako, wari ya cika ɗakin. Fom ya nuna tun makon jiya aka yi aikin. Dakta ya daɗe yana jujjuyawa kafin ya zaɓi wuraren da za su iya ba da amsa.

Fomalin ba ya ratsa tsoka da gudu. Kimanin milimita 1 a awa yake ci da farko, yana daɗa nisa yana daɗa sanyi. Babban samfur in ba a tsaga shi ba, kafin ruwan ya kai tsakiya tsakiyar ta riga ta cinye kanta. Shi ya sa ake tsaga shi yanka-yanka, tazarar santimita 1 ko ƙasa da haka, a nutsa shi cikin ruwan da ya ninka girmansa aƙalla sau 10. Ruwan ma ba na galan kai tsaye ba: wanda ake sayowa kashi 37 zuwa 40 ne, ana haɗa awo 1 nasa da awo 9 na ruwa, a sa sinadarin da zai riƙe shi kusa da pH 7, wato tsaka-tsaki a ma'aunin tsami. Mun sha karɓar samfur cikin ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi, wanda ba ya hana komai ruɓewa.

A sankarar mama ne abin ya fi ciwo. Alƙaluman GLOBOCAN, ƙididdigar sankara ta duniya, na 2022 sun nuna sababbin masu sankara fiye da 120,000 a Najeriya a shekara guda, ta mama ce kuma kan gaba. Bayan an tabbatar sankara ce, akwai gwaji na biyu da ake aika bulo a yi, na ER da PR da HER2, wanda ke nuna irin maganin da zai ci cutar. Tun 2010 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, da kwalejin likitocin tantance cuta, CAP, suka fitar da ƙa'ida kan gwajin ER da PR: tsokar ta shiga fomalin cikin awa 1 da cirowa, ta zauna a ciki awa 6 zuwa 72. In an ƙetare wannan, gwajin na iya cewa babu alhali akwai. Matar da ƙwayar tamoksifen mai sauƙin kuɗi za ta yi wa amfani shekaru, sai a ce mata ba ta cikin masu shan ta, saboda bokiti ya kwana da rabin ruwa. Babu injin da za mu saya ya gyara wannan, babu ƙwarewar likita da za ta dawo da ƙwayoyin da suka narke.

Don haka yau na tafi tiyata da kaina na zauna da babbar sista. Ban je da ƙorafi ba, na je da takardun rakiya masu giɓi na shimfiɗa mata. Ta duba ta ce, "Malam, ku ba mu robobi masu faɗin baki da fomalin haɗaɗɗe, mu kuma mu rubuta muku lokaci. Sau da yawa sai an gama aiki ake neman abin zubawa." Mun daidaita a kan haka. Kowace roba za ta fita daga wurinmu da 'yar takarda liƙe mai gurbi biyu, lokacin cirowa da lokacin shiga ruwa. Baba kuma zai riƙa zagawa sau biyu a rana, ko samfur ɗaya ne ya ɗauko.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya shiga, tiyatar da ba ta gaggawa ba ta ragu, sai muka samu sararin zama kan lissafin. Abu na farko da muka yi watsi da shi shi ne matsakaicin da ake samu ta tarawa da rabawa. Ƙashi guda da ya yi makonni ana narkar da ƙarfinsa kafin ya yanku ya isa ya ja lissafin wata gaba ɗaya sama. Yanzu jera kwanakin muke daga ƙarami zuwa babba mu ɗauki na tsakiya, sannan mu duba na can ƙarshen layi ɗaya bayan ɗaya mu ga me ya riƙe su. Mun kuma raba ƙananan samfura da manya, don ba hanyarsu ɗaya ba.

Abin da ya fito ya rufe bakin gardama. Lokacin da hannu ke kan samfur ana yi masa aiki kaɗan ne. Mafi yawan kwanakin jira ne. Kaset na jiran kwando ya cika kafin a kunna inji. Silaid da aka gama rinawa na jiran a haɗa su da fom ɗinsu. Rahoton da Dakta ya rubuta da hannu na jiran mai bugawa, in an buga ya jira sa hannu. Teburin Dakta, inda kowa ke nunawa da yatsa, ba shi ne mafi tsawon zango ba ko kusa.

Gyara biyu muka yi da ba su ci ko kwabo ba. Inji zai riƙa tashi a ranakun da aka tsayar, kwando ya cika ko bai cika ba. Fom kuma zai riƙa zama cikin tire ɗaya da silaid ɗinsa tun daga wurin rini.

Talata, 8 ga Afrilu

Bazara ta kankama, da rana zafi na haura digiri 40. Mun buɗe shafi na biyu, na silaid ɗin da Dakta ke maidowa a sake. Da can sai dai ya ce "a sake wannan", a sake, magana ta wuce. Yanzu kowace maidowa da dalilinta: naɗewa, tsagewa, kauri, tsokar da ba ta sha kaki ba, rini, ko lambar da ba ta karantuwa. In kuwa don ya ga zurfin tsokar ya ce a ƙara ferewa, wannan ba aibi ba ne, bincike ne, gurbinsa daban. In aka haɗa su, za a wayi gari ana jin nauyin neman abin da majiyyaci ke buƙata don kada jadawali ya yi muni.

Mun jera dalilan daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, irin jadawalin da ake kira na Pareto. Biyu ne suka kwashe yawancin maidowar: naɗewa, da tsokar da ta fito daga inji ba daidai ba.

Naɗewar, da muka duba ƙarfe nawa aka fere kowane bulo, sai ga ta ta taru bayan azahar. Kakinmu a digiri 56 zuwa 58 yake narkewa, amma tun kafin nan yake saki. Na tsaya bayan yarinyar da ke kan maikirotom da ƙarfe biyu: ta ɗauko bulo daga kan ƙanƙara, juyi uku na farko zaren ya fito sumul, na huɗu ya fara tattarewa a bakin reza, kafin na goma bulon ya yi laushi kamar man shanu a rana. Hannunta ba shi da laifi. Mun maida ferewa da sassafe, rini da shigar da bayanai su koma rana, an kuma ƙara robobin ƙanƙara a firji.

Ta injin ta fi wuya. Namu irin mai juyawa ne, tulu 12, goma na sinadarai biyu na kaki, yana kwana yana aiki. Mun roƙi mai kula da janareta ya riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da ta dawo, muka ɗora littafinsa kan namu. Daren da wuta ta yanke na awanni, bulon washegari ne ke dawowa. In kwando ya maƙale a zailin ko tsantsar alkohol, tsoka ta yi ƙaƙas tana marmashewa a reza. In kaki ya daskare kafin ya ratsa, tsakiyar bulo ta fito ɗanya. A fomalin ko alkohol mai kashi 70 ne kawai tsoka ke iya jira ba ta lalace ba. Mun rubuta wa hukumar asibiti a haɗa injin da layin sola, muka liƙa shafukan biyu a bayan takardar. Kafin a amsa, ƙananan samfura za su riƙa bin gajeren zagaye da rana, lokacin da ido ke kansu.

Alhamis, 24 ga Afrilu

An samo ma'aunin zafi guda uku: tulun kaki, ruwan shimfiɗa, da ɗaki. Safe da rana ake rubutawa. Ruwan shimfiɗa ya kamata ya tsaya wajen digiri 45. Namu kan wuce haka da rana ko da maɓallin bai motsa ba. Naɗewa ta ragu sosai tun da aka maida ferewa safiya.

Talata, 20 ga Mayu

Da manyan dalilan biyu suka sauka, rini ya hau sama. Kowace safiya yanzu, kafin a taɓa silaid ɗin majiyyaci, ana rina na gwaji daga bulo guda na afendis da muka ware. A duba a madubi a ba shi maki 1 zuwa 3: cibiyar ƙwayoyin halitta ta fito shuɗiya tar da zanenta, iyosin ya bambanta tsoka da jini da zaruruwa, babu dattin rini. Makin na hawa kan jadawali rana bayan rana. Abokan aikinmu na ɓangaren gwajin jini sun daɗe da irin wannan, jadawalin Levey da Jennings da ya shigo lab tun 1950. Namu da ido ake aunawa, shi ya sa mutum biyu ke ba da maki, kowa a ɓoye, sannan a gwada.

Da can kalanda muke bi wajen sauya sinadarai. Jadawali ya nuna rini ba ya san ranar mako, yawan silaid ɗin da suka ratsa shi ya sani, ga zafi na ƙafar da alkohol. Yanzu ƙirga muke: kowane tire ya wuce a ja layi a takardar da ke jikin bango. Haka a inji, kaset ake ƙirgawa, in adadi ya cika a zubar da tulun farko, sauran su matso, sabo ya shiga na ƙarshe. Hematoksilin ana tace shi kullum saboda kumfar da ke taruwa a samansa.

Akwai wasu ranaku da shuɗin ya ƙi fitowa, cibiyoyin suka tsaya ja-ja, alhali rinin sabo ne. Da muka bi ranakun, sai suka dace da lokacin da famfo ya tsaya aka kawo ruwa daga wani wuri. Hematoksilin ja yake zama a ruwa mai tsami, sai ya samu mai ɗan kanwa-kanwa yake juyawa shuɗi. Mun haɗa ruwan Scott, na bakabonet da magniziyam salfet, mun daina dogara da abin da famfo ya kawo. Takardar auna pH kuma ta zauna a taga, ana tsoma ta a fomalin ɗin da ya zo daga waje, domin wanda ya yi tsami ne ke barin baƙin ɗigo-ɗigo a tsoka mai jini, ɗigon da ke iya rikita mai karatu.

Talata, 17 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah aiki ya taru, adadin tsakiya ya hau, yanzu yana saukowa. A lissafin baɗi za mu san da wannan tun kafin hutu.

Wani abu ya fito daga gurbin tsagewa da ban yi tsammani ba. Da muka raba shi bisa ɓangaren jiki, mafitsara ta fi kowa. Mu nan ƙasar fadama ce, shinkafa da su, daga Argungu har Yauri mutane cikin ruwa suke wuni, tsargiya kuwa a ruwa ake ɗaukarta. Ƙwan tsutsar, mai ƙaya a ƙarshensa, kan maƙale a bangon mafitsara shekaru har ya zama tsakuwa. Reza na cin karo da shi sai bakinta ya karce, ta ja layi tun daga sama har ƙasan yankan. Waɗannan samfura kuma su ne ba a son kuskure a kansu, domin tsohuwar tsargiya na da alaƙa da sankarar mafitsara. Yanzu duk bulon mafitsara da alama a takardarsa: a sa sabon bakin reza, in an ji ƙaras-ƙaras a kifa fuskar bulon a ruwan narkar da ƙashi na ɗan lokaci, a ɗauraye, sannan a ci gaba.

Laraba, 9 ga Yuli

Daga tiyatarmu, yawancin robobi yanzu da lokutansu suke zuwa. Na waje ne har yanzu duhu. Mun tsara ɗan fom a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox wanda ake cikawa a waya ko babu intanet, ya tura kansa in sabis ya samu: lambar roba, ɓangaren jiki, lokacin cirowa, lokacin shiga fomalin, ranar da aka ba direba. Ba suna. Asibitoci biyu sun yarda su gwada, mun aika musu da robobi da fomalin haɗaɗɗe.

Wani ya tambaya ko duk wannan don neman tauraro ne. Gaskiya ne ma'aunin ISO 15189 na buƙatar lab ya riƙa auna ingancin aikinsa da tsawon lokacin fitar sakamako, haka ma tsarin SLIPTA na Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka da ke ba da tauraro 1 zuwa 5. In mun kai can, madalla. Amma gurbin da ya fi tsaya min a rai babu mai duba lab da zai fara tambayarsa: ranar da aka karɓi sakamako. Akwai rahotannin da muka yi ta fafutukar fitarwa da wuri, suna nan cikin akwati makonni, wasu da sankara a rubuce. Mai shi ya koma ƙauye, kuɗin mota ya yi tsada, damina ta faɗi, gona na jira. Dakta ya amince duk rahoton sankara a kira likitan da ya aiko a ranar da aka sa hannu, a rubuta lokacin kiran. An ƙara gurbin lambar waya a fom, a riƙa kiran majiyyaci a ce sakamako ya fito. Ba a faɗin abin da ke ciki ta waya, wannan aikin likitansa ne, ido da ido.

Akwai kuma maganar bakod, wato lambar zane-zane da ake liƙawa na'ura ta karanta. Fensir muke amfani da shi a kaset da silaid domin alkohol da zailin na wanke tawada, amma rubutun fensir kan sa 1 da 7 su yi kama, kuma sau da yawa ake kwafe lamba ɗaya da hannu kafin ta kai madubi. An kawo mana samfurin takardun liƙawa iri uku. Mun jiƙa kowanne a fomalin, alkohol, zailin da kaki mai zafi. Iri ɗaya ya saɓule tun a alkohol, biyu na ciki har yanzu. Ranar Litinin za mu ciro su mu ga ko na'ura za ta karanta, a ranar ne kuma muke sa ran robobin farko daga asibitocin nan biyu. Takardar layin sola ba a amsa ba tukuna. Gobe zan sake hawa ofis da littafin janareta na watan Yuni.